Wasiƙa Zuwa Kumasi a Kan Ciwon Kafaɗa da Wuya

Kano, Nijeriya.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago, ina kuma fatan ɗinki yana tafiya yadda ake so a can Kumasi. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce kafaɗarka ta dama ta matsa maka, ba ka iya ɗaga hannu ka sa riga sai ka cije baki, da dare ba ka iya kwanciya a wannan ɓangaren, wuyanka kuma yana riƙewa idan ka daɗe a kan keke. Ka kuma ce wani ya ba ka shawarar ka je maɗori ya ja hannun, wai ƙashi ne ya goce. Ina roƙonka ka dakata da wannan shawara. Aikina a sashen gashin ƙashi ya sa kullum ina tare da masu irin wannan kuka, saboda haka bari in bayyana maka yadda Allah ya tsara wurin, domin ka san abin da za ka ce wa likita da abin da ba za ka yarda a yi maka ba.

Ka tuna yadda mahauci yake cire karfatar rago ranar Babbar Salla. Wuƙa kawai yake bi da ita ta ƙarƙashin allon kafaɗa, karfatar ta rabu da gangar jiki ba tare da ya sari ƙashi ko ɗaya ba, alhali ita cinya sai ya lalubo gaɓarta ya ɓalle. Dalili shi ne nama ne kaɗai yake riƙe da karfatar rago. Ɗan Adam bai yi nisa da haka ba. Abin da muka fi rago da shi shi ne siririn ƙashin nan da ya gitta daga ƙasan wuya zuwa kan kafaɗa, kuma 'yar gaɓar da yake haɗuwa da ƙashin tsakiyar ƙirji ita ce kaɗai wurin da hannu gaba ɗayansa ya haɗu da gangar jiki ƙashi da ƙashi. Allon kafaɗa kuwa kwance yake a bayan haƙarƙari yana zamewa sama da ƙasa, tsokoki 17 ne suke manne da shi, kowace tana ja ta nata ɓangaren. Gurbin da kan ƙashin damtse yake zama a cikinsa ba shi da zurfi ko kaɗan, abin da yake taɓa gurbin a lokaci guda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Wannan ne ya sa babu gaɓar da ta kai kafaɗa juyawa a jikin mutum, kuma a cikin manyan gaɓoɓi babu wadda ta kai ta saurin gocewa. Amma gocewa ba ta zuwa a hankali irin yadda naka ciwon ya zo. Faɗuwa ko fizga ke kawo ta farat ɗaya, siffar kafaɗar ta canza, mutum ya tallafe hannunsa da ɗaya hannun. Wanda kafaɗarsa ta goce ba ya wuni a kan keken ɗinki.

Tsokar da kake kamawa ka ce a nan ciwon yake, wato dunƙulen naman da ya lulluɓe kafaɗa, inda ake yi wa manya allurar rigakafi, ita ce deltoyid. Reshe uku gare ta, na gaba da na tsakiya da na baya, kuma dukkansu sun haɗu sun kama ƙashin damtse wajen tsakiyarsa. Tana da ƙarfi ƙwarai, kuma ba kasafai take zama tushen ciwo ba, duk da cewa a kanta ake jin zafin. Masu matsalar suna ƙarƙashinta: wasu ƙananan tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba, agararsu ta kewaye kan ƙashin damtse. Likitoci suna kiransu rotato kof. Biyun baya suna juya hannu waje, ta gaba tana juya shi ciki, wato ita ce take kai hannunka baya idan za ka sosa gadon bayanka. Amma babban aikinsu su huɗun shi ne danne kan ƙashin a cikin gurbinsa yayin da deltoyid take jan hannu sama. Idan sun yi rauni, deltoyid ba ta fasa ja, sai kan ƙashin ya haura ya matse abin da ke samansa.

Abin da ke saman kuwa shi ne agarar tsokar nan ta sama, sufrasifainatus, wadda take bi ta wani matsattsen wuri tsakanin kan ƙashin damtse da tsinin ƙashin da kake taɓawa a ƙololuwar kafaɗa, tare da wata 'yar jaka mai ruwa-ruwa da take hana su gugar juna. Ga gwajin da za ka yi da kanka: ka tsaya, ka ɗaga hannun ta gefe a hankali. Idan farkon ɗagawar ba zafi, sai da hannun ya doshi daidai da kafaɗa zafin ya taso, sa'an nan ya lafa bayan hannun ya wuce sama, to alamar tana nuna wannan agara ko jakar da ke kanta. A ma'auninmu, tsakanin digiri 60 da 120 ne zafin yake tsananta. Abin da ka faɗa game da sa riga da kwanciyar dare ya fi kama da wannan, kuma ka ga jan hannu da ƙarfi ba abin da zai ƙara wa agarar da ta riga ta kumbura sai wahala.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne kafaɗa ba ta ɗaga hannu ita kaɗai. Daga cikin digiri 180 da hannu yake yi kafin ya miƙe sama, kimanin 120 ne kawai daga gaɓar kanta, sauran 60 allon kafaɗa ne yake juyawa ya ba da su. Tsokoki biyu ne suke juya shi. Ta farko ita ce tirafiziyos, faffaɗar tsokar da ta taso daga ƙeya ta bi ƙashin baya har zuwa daidai haƙarƙari na ƙarshe, ta miƙa zuwa kafaɗu biyu. Ita ce take yi maka nauyi tsakanin wuya da kafaɗa da yamma. Ta biyu ita ce seratus, wadda ta taso daga haƙarƙari takwas ko tara na sama ta zagaya ta kama gefen allon ta ciki. Idan ka kalli ɗan dambe ya kai naushi, za ka gan ta yatsu-yatsu a ƙasan hammatarsa, ita ce take tura kafaɗar gaba. Idan jijiyar da ke kai mata saƙo ta samu rauni, allon yakan ɗago daga baya idan mutum ya tura bango.

Sai ƙirji, kuma a nan sana'arka ta shigo. Babbar tsokar ƙirji, fektoralis, ta taso daga ƙashin tsakiyar ƙirji da ƙashin nan na ƙasan wuya da guringuntsin haƙarƙarin sama, ta kama saman ƙashin damtse, tana jawo hannu ciki da gaba. A ƙarƙashinta akwai ƙarama, daga haƙarƙari na 3 zuwa na 5, wadda take kama wani ƙugiyan ƙashi na allon kafaɗa ta gaba. Tela yana wuni a sunkuye, hannayensa biyu a gaba suna tura yadi, idonsa a kan allura. Shekara da shekaru a haka, tsokokin ƙirji sukan ɗaure su gajarce, na tsakanin allunan kafaɗa kuma su saki, sai allon ya karkato gaba, juyawarsa ta ragu, wurin da agarar take bi ya ƙara matsewa. A ganina ciwon da kake ji a kafaɗa ya faro ne daga yadda kake zama.

Wuya ma haka. Ƙasusuwa bakwai ne a cikinsa, suna ɗauke da kai mai nauyin kilo biyar ko kusa da haka. Idan kai yana daidai bisa kafaɗu, ƙasusuwan ne suke ɗaukar mafi yawan nauyin, amma da zarar ya zaro gaba, tsokokin ƙeya da saman tirafiziyos ne suke riƙe da shi babu hutu, abin da ke kawo riƙewar wuya, wani lokaci har da ciwon kai ta baya. Ta gaba kuma akwai tsoka mai kama da igiya a kowane gefe, daga bayan kunne zuwa saman ƙashin ƙirji. Idan ka yi sallama zuwa dama ka taɓa wuyanka, ta hagu za ka ji ta miƙe, domin ita take juya fuska zuwa ɗaya ɓangaren. A bayanta akwai wasu uku da ake kira sikelin, waɗanda suke kama haƙarƙari na farko da na biyu, shi ya sa za ka ga wuyan mai asma yana aiki idan numfashi ya yi masa wuya. Ta tsakanin biyu daga cikinsu ne jijiyoyin da ke kai saƙo ga hannu suke wucewa, bayan sun fito daga laka ta saiwa biyar. Saboda haka idan ka fara jin zafi yana sauka har yatsu kamar wutar lantarki, ko wasu yatsun suna mutuwa, ko almakashi yana suɓuce maka, to a duba wuya kafin a duba kafaɗa.

Akwai kuma ciwon kafaɗar da ba na kafaɗa ba ne, kuma wannan ba na wasa ba ne. Shimfiɗaɗɗiyar tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki tana samun jijiyarta daga wuya, daga inda fatar saman kafaɗa take samun tata, shi ya sa cutar hanta ko ta matsarmama takan bayyana a kafaɗar dama. Zuciya kuma takan aika da nata zafin zuwa kafaɗa da hannun hagu, ko muƙamuƙi. Ciwon da ya zo da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, wanda motsa hannu ba ya ƙara shi ba ya rage shi, asibiti ake kai shi nan take.

Shawarata ita ce ka je sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, tun da yana nan garinku, a gwada motsin hannun. Hoton ƙashi ba ya nuna agara, sikanin ne yake nuna ta, don haka kada ka ce lafiya kake don kawai hoto ya fito ba karaya. Ka nemi a auna maka suga, domin akwai wata cutar da gaɓar take sandarewa gaba ɗaya har wani ma ba ya iya ɗaga maka hannun, ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon suga, kuma takan wuce shekara kafin ta saki. Kafin ka je, ka gyara tsayin kujera yadda ba sai ka sunkuya ba, ka ƙara haske a kan keken, ka riƙa miƙewa duk bayan rabin awa. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka dafa gefenta biyu ka tura ƙirji gaba a hankali har ka ji ya buɗe. Ka riƙa haɗa allunan kafaɗarka ta baya kana sakewa. Safe da yamma ka sunkuya ka dafa tebur da hannun hagu, ka saki na dama yana lilo da kansa; wannan motsi da sunan Ernest Codman ake kiransa, likitan fiɗa na Boston a Amurka da ya yi fice a nazarin kafaɗa. Kada ka rataye hannun ka daina amfani da shi, rashin motsi yana ƙara masa sandarewa. Ƙwayoyin kashe zafi irin su Diclofenac kuma kada su zame maka na kullum, suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Idan ka dawo daga asibiti ka rubuto mini abin da suka ce, da kuma inda zafin ya taso lokacin da ka ɗaga hannun ta gefe. Ka gaida maiɗakinka da yara, mutanen gida duk suna gaishe ka. Allah ya ba ka lafiya, amin.

Wassalam,
Naka amininka.