Taransifoma ba ta haifar da wuta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kano, kuma na gaji da jin wata magana a majalisarmu ta bayan la'asar: wai tunda taransifoma ke ɗaga wuta har volt 330,000, ai ita ke ƙara mana ita, a yi ta sayo sababbi kawai. Ba haka abin yake ba.

Abin da injinan Kainji, Jebba, Shiroro da sauran tashoshin wutar lantarki suka samar shi ne iyakar abin da za a raba. Idan taransifoma ta ɗaga volt (ƙarfin da ke tura wuta), sai amfiya (yawan wutar da ke bi ta waya) ta ragu daidai gwargwado, domin wat, wato ƙarfin aikin wutar, shi ne volt sau amfiya, kuma taransifoma ba ta ƙara shi. To me ya sa ake ɗagawa? Saboda waya tana ɗaukar zafi, zafin nan kuwa wuta ce da ta salwanta a hanya. Asarar tana bin amfiya sau kanta: ka rage amfiya zuwa rabi, asarar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa wutar ke isowa tashar Kumbotso da ke Kano a kilovolt 330 (volt 330,000), a sauke ta zuwa 132, 33, 11, kafin ta shigo gida a volt 230.

Ni asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta cikin unguwa, inda volt ɗin ya yi ƙasa, amfiya ta yi yawa, ga siririyar waya, ga haɗin da aka murɗa da hannu. Don Allah masu gyara su fara leƙa nan.

Naka,
Wani malamin kimiyya, Kano