Wasiƙa zuwa ga Baba a kan masu cin kasuwa don ɗebe kewa

Manchester, Ingila
Watan Janairu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma da Hajiya da dukkan mutanen gida, kamar yadda nake a nan lafiya ƙalau, sai dai sanyi. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a kasuwa.

Baba, a wayarmu ta ƙarshe ka tambaye ni yadda mutanen nan suke cin kasuwa, ka ce an ba ka labarin wai akwai masu tashi takanas su tafi kanti alhali babu abin da suke bukatar saya. Waya ba ta ba da damar dogon bayani, ga shi kuma tun ƙuruciya kake Kantin Kwari, amsar sama-sama ba za ta gamsar da kai ba, shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuto. Labarin da aka ba ka gaskiya ne, kuma na daɗe ina lura da shi, domin ya shafi yadda mutum yake tafiyar da lokacinsa da kuɗinsa gaba ɗaya.

A yammacin garin nan akwai wani katafaren rukunin kantuna da ake kira Trafford Centre, wanda aka buɗe a 1998. Kantuna wajen 200 ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, ga ƙubba a sama, ga gidan silima, ga wurin cin abinci da aka tsara da siffar jirgin ruwa, mai ɗaukar mutum 1,600 a zaune. Filin ajiye motocinsa yana cin mota fiye da 10,000 kuma ba a biyan ko sisi, tun daga 2020 kuma jirgin ƙasa na cikin gari yake kai mutane har bakin wurin. Waɗanda suka gina shi sun san ba cefane ake zuwa yi ba, domin cefane yana da kantunansa dabam, wasu ma ta waya suke oda a kawo musu har ƙofa. Yini ake zuwa yi. Za ka ga miji da mata da 'ya'ya sun iso da hantsi ranar Asabar, su shiga wannan kanti su gwada riga su mayar, su shiga wancan su shinshina turare, su zauna su sha shayi, sai yamma su kama hanyar gida da 'yar leda ɗaya ko hannu rabbana. Idan aka tambaye su ranar Litinin yadda suka yi hutu, sai su ce sun zaga kantuna, kamar yadda wani zai ce ya je kamun kifi ko kallon ƙwallo.

Na san za ka ce ai mu ma muna da masu zuwa ganin ido, waɗanda za su sa a sauko musu da atamfa turmi goma, su jujjuya, su taya da abin da sun san ba za a sallama ba, su tafi. Haka ne, amma wadda ta zo shagonka ko ba ta sayi komai ba ta tafi da wani abu: an gaishe ta, an tambayi maigidanta da yara, an ba ta benci da ruwa, ta taya ka ce albarka, ta ƙara ka ce ta gyara, an yi raha. A nan farashi a rubuce yake jikin kaya, babu tayi, babu sallamawa, babu gyara, a kantuna da yawa ma na'ura ce take karɓar kuɗi, mutum ya shiga ya fita bai yi magana da kowa ba. Daɗin ciniki ya fita daga cikin sayayya, abin da ya rage shi ne kallo da zaɓe, amma duk da haka mutane suna tururuwa, kuma dalilin hakan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina.

Yanayin garin yana cikin dalilan. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ruwan sama kuma ba shi da lokaci, saboda haka babu zaman dakali a ƙofar gida, babu majalisa bayan la'asar, babu leƙa maƙwabci ba tare da an yi alƙawari ba. Kanti yana da ɗumi da haske da wurin zama, kuma ba a karɓar kuɗin shiga. Amma kaɗaici ya fi sanyi tasiri. A ƙasar nan kusan gida uku cikin goma mutum ɗaya ne tilo a ciki, har ta kai a 2018 gwamnatin Theresa May ta ɗora wa wata minista, Tracey Crouch, alhakin kula da matsalar kaɗaici. Tsohuwa za ta yi wanka ta yi kwalliya, ta hau bas da katinta na tsofaffi wanda ba ta biya da shi, ta je tsakiyar gari ta sayi safa ƙafa ɗaya, ta tsaya ta ja hira da yarinyar da ke kan kanta gwargwadon yadda layi ya bari. Safar hujja ce kawai ta fita daga gida. Ban taɓa ganin irin wannan ba tare da na tuna Gwaggo ba, wadda ɗakinta ba ya rabuwa da jikoki da 'yan gaisuwa, ina kuma roƙon Allah kada ya kawo mana ranar da tsofaffinmu za su sayi gaisuwa da kuɗi.

Akwai kuma dalilin da ya shafi aiki. Ma'aikaci a nan agogo ne yake juya shi, an ƙayyade masa lokacin shiga da na fita da mintocin cin abinci, duk mako wani ne yake gaya masa abin da zai yi. Idan ya shiga kanti da kuɗinsa a aljihu, shi ne mai cewa wannan nake so, wancan ba na so. Ina ganin a nan ne tushen duk wani abin sha'awa da mutum yake ɗora wa kansa yake: yana neman wani ɗan fage wanda shi ya zaɓa, babu shugaba a kansa, babu mai auna masa, kuma ko bai ci riba ba babu mai tuhumarsa.

Wannan gari yana da hannu a tarihin abin. A zamanin masaƙun auduga ma'aikata suna yin awa goma sha biyu ko fiye a kullum, kwana shida a mako. Robert Owen, wanda ya taɓa shugabantar wata masaƙa a nan, shi ne tun 1817 ya yi kiran a raba yini uku, awa takwas aiki, takwas shaƙatawa, takwas barci. A 1843 aka yi fafutukar da ta sa 'yan kasuwar Manchester suka yarda a riƙa tashi da rana ranar Asabar, a 1850 kuma doka ta sa mata da matasa na masaƙu su riƙa tashi ƙarfe biyu na ranar. Da aka samu wannan rabin yini sai aka nemi abin cike shi, daga nan ƙwallo ta kafu, shi ya sa har gobe ƙarfe uku na ranar Asabar ne lokacin wasa na al'ada, ita ma Manchester United da yaran gidanmu suke rigima a kanta ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ta a 1878. Sayayya ranar Lahadi ta zo daga baya, domin sai a 1994 doka ta ba manyan kantunan Ingila izinin buɗewa a ranar, shi ma awa shida kawai. Kai, Baba, ba ka taɓa zama ka rasa abin yi ba, domin a shago kake nema, a nan kake hira, a nan ake sulhunta 'yan'uwa a ƙulla aure, ga salla a jam'i tana raba maka yini. Su kuwa an raba musu lokacin aiki dabam, nasu dabam, dole kowa ya nemi abin da zai zuba a nasa.

Abin da yake damuna da sayayya a matsayin abin ɗebe kewa shi ne daɗinta a wurin saye yake ƙarewa. Mutum yana murna yayin da yake nema, yana murna lokacin da ake saka masa a leda, idan ya isa gida sai kayan su shige kabad da takardar farashinsu a jiki, mako na zagayowa kewar ta dawo yadda take. Masu kantuna sun fahimci wannan sarai. Ana yin babban rangwame a ƙarshen Nuwamba, al'adar da aka aro daga Amurka, a sake wani ranar 26 ga Disamba, a ci gaba da shi cikin Janairun nan, kullum ana nuna wa mutum cewa idan bai saya yau ba ya yi asara. Wanda ya saya ta intanet doka ta ba shi kwana 14 ya fasa, wannan ya sa wasu suke odar riga uku da niyyar mayar da biyu, sau da yawa kuma ba sa mayarwa. Ga kamfanoni masu raba wa mutum kuɗin kaya kashi uku, ga katin bashi wanda ruwansa kan haura 20 cikin 100 a shekara. Na ga 'yan'uwanmu baƙi da suka zo da niyyar tara abin gina gida, kewar gida ta tura su kantuna, yanzu suna ƙarin awoyin aiki don biyan bashin kayan da ba su sa ba. Ina tausaya musu ƙwarai, domin na san irin shirun ɗakin da suke gudu. Ni dai ina riƙe da abin da ka karantar da mu a Suratul Furƙan, cewa bayin Allah idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, katin da ke da ruwa kuwa ban karɓa ba kuma ba zan karɓa ba, in Allah ya yarda.

Ba zan yi wa sayayya kuɗin goro ba, domin akwai nau'inta da nake ganin ƙimarsa. Ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da British Heart Foundation suna da shagunan gwanjo a kusan kowace unguwa, mutane suna kai kayansu kyauta, a sayar da araha, kuɗin ya tafi aikin taimako. Ranar Lahadi da sassafe kuma, musamman idan sanyi ya wuce, ana cin wata kasuwa a fili, kowa ya zo da motarsa ya buɗe but ya baje tarkacen gidansa, a nan ne ake tayi a rage. Masu bin waɗannan wurare suna da ido da sani, wani tsofaffin agogo yake nema ya gyara, wata kofunan tangaran na wani zamani, suna iya kashe fam biyu su yini suna murna.

Aikina a gidan kula da tsofaffi shi ne ya fi buɗe mini ido. Na lura cewa waɗanda suka shigo da wani abu a hannunsu, saƙa ko lambu ko gyaran rediyo, sun fi saurin sabawa da wurin, sun fi samun abokin hira, kuma suna da dalilin tashi da safe. Wanda sayayya ce kaɗai abin sha'awarsa, ranar da ƙafa ta gaza ko kuɗi ya ja baya, babu abin da ya rage masa. Likitocin nan ma sun gane haka, har sukan tura mai fama da damuwa zuwa ƙungiyar masu lambu ko masu tattaki a matsayin wani ɓangare na magani. Ni ma na sa sunana a layin neman fegin lambu daga ƙaramar hukuma, wanda ake haya da kuɗi kaɗan a shekara, sai dai layin yakan ɗauki shekaru. Kafin nan ina taya wani dattijo maƙwabcina aikin nasa, mun shuka albasa da dankali da alayyafo, kuma a nan na samu abokin da ya fi kowa tambayata labarin Kano.

Wannan ya kawo ni ga wata alfarma da nake nema. Umma ta gaya mini ranka ya ɓaci da tantabarun Auta, ka ce suna cinye masa lokaci da dawa, har ka yi maganar a kai su kasuwa. Hukunci naka ne, Baba, amma ina roƙo ka sake dubawa. A arewacin Ingila ma'aikatan ma'adinan kwal da na masaƙu sun daɗe suna kiwon tantabaru suna tsere da su, duk watan Janairu ana babban taron baje su a garin Blackpool da ke bakin teku, marigayiya Sarauniya Elizabeth ma tana da ɗakin tantabarunta a Sandringham. Yaron da ya san kowace tantabara da kamanninta, yake tashi bayan asuba ya share akurki ya canza ruwa, yake lura da wadda ba ta da lafiya, yana koyon haƙuri da riƙon amana ba tare da an sa shi ba, kuma yana gida a gaban idonku maimakon yawon da ba a san inda ya nufa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Idan karatu ne abin tsoro, a gindaya masa sharaɗi: sakamakonsa na wannan zango ya yi kyau, tantabaru su zauna. Kuɗin dawarsu kuma na ɗauke, zan riƙa haɗawa da saƙon da nake turowa ta hannun Yaya a ƙarshen wata.

Rigar sanyin da Hajiya ta ce a nemo wa Gwaggo na samu mai kyau, zan ba wani abokin aikina da zai zo gida kafin azumi. A gaishe mini da Umma da Hajiya da Gwaggo, da Kawu da iyalinsa, da yaran shago da maƙwabtanmu na layi. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam.

Ɗanka mai biyayya.