Ga mai tambayar yadda muka san abin da ke cikin tauraro

Malam, assalamu alaikum.

A shirin rediyon da aka yi da ni, ka aiko da tambaya cewa tunda babu mahalukin da ya taɓa leƙa cikin tauraro, da wace hujja masu binciken nukiliyar taurari ke faɗin abin da ke faruwa a can? Har ka ce ko shaci-faɗi ne aka yi wa ado da lissafi. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Hujjar ita ce da yawa daga abin da muka ce yana faruwa a tauraro, ana iya gwada shi a nan duniya, in ƙarya ne asirinsa ya tonu.

A 1953 Fred Hoyle, wani masanin taurari ɗan Birtaniya, ya ci karo da wata matsala. Ba a samun kabon sai ƙwayoyin hiliyom uku sun haɗu. To amma da zarar biyu sun haɗu sun zama beriliyom-8, nan take suke rabuwa, da wuya ta ukun ta riske su. A lissafin wancan lokaci, kabon ɗin da taurari za su iya samarwa bai taka kara ya karya ba, alhali ga shi jingim a jikina da jikinka. Sai Hoyle ya ce lallai cibiyar ƙwayar zarrar kabon-12 tana da wani matakin kuzari, wajen MeV 7.7 (MeV ma'aunin kuzarin ƙwayoyi ne), da ke sauƙaƙa haɗuwar. Masanan Caltech a Amurka sun yi masa kallon mai surutu da farko, amma da suka auna, sai ga matakin dab da inda ya nuna. Mai shaci-faɗi ba ya ba da lambar da za a iya ƙaryata shi da ita.

Aunawar ce ke da wuya. A zafin tsakiyar rana, kimanin digiri miliyan 15, ba kasafai ƙwayoyi ke haɗuwa ba, don haka mai kwaikwayon abin a ɗakin gwaji yakan yi wata guda bai ga haɗuwa sama da 'yan ƙalilan ba. Ƙwayoyi masu kuzari da ke zubowa daga sararin samaniya kuma sai su rufe alamar. Dalilin ke nan da aka kai na'urar LUNA, mai kwaikwayon irin wannan haɗuwa, ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, da dutse mai kaurin kusan mita 1,400 a samanta.

A ƙarƙashin dutsen nan ne kuma, a 2020, gwajin Borexino ya kama nitirino, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ratsa kusan komai, na zagayen CNO, wata hanyar da taurari ke mayar da haidurojin hiliyom da taimakon kabon, naitirojin da oksijin, wadda masanin fiziks Hans Bethe ya bayyana tun 1939. Daga tsakiyar rana suke fitowa kai tsaye, su iso mana cikin minti 8 da ɗoriya.

Inda shakkarka ke da gurbi shi ne saurin da kabon ke haɗiye hiliyom ya zama iskar oksijin. Shekaru da dama ana auna shi, har yau ba a kai ga daidaiton da ake nema ba, kuma shi ke taimakawa wajen tantance yadda babban tauraro zai mutu.

Na gode da tambayar. A huta lafiya.