Zuwa ga Auta, daga Birmingham

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kina lafiya, ke da Umma da Baba da duk mutan gida. Ya ƙafar Umma, ta yi sauƙi? Ni lafiya lau, sai dai sanyi, ga shi ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara shiga.

Yaya ya ce min kin duƙufa kina haddar ƙa'idojin nahawun Turanci saboda jarrabawar IELTS, ta gwada iya Turanci. Himmarki ta faranta min rai, hanyar ce ta dame ni. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Ingila tana neman maki 7 a sauraro da karatu da magana, da 6.5 a rubutu. Hadda kaɗai ba za ta kai ki nan ba, balle a ɓangaren magana, inda za ki yi minti 11 zuwa 14 ana tambaya kina amsawa, babu lokacin laluben ƙa'ida.

Ki dubi Hausarmu. Kina cewa "yara sun zo", kina kuma cewa "yaran da suka zo". Wa ya taɓa zaunar da ke ya nuna miki inda "sun" ke komawa "suka"? Kunnenki ne ya ɗauka a tsakar gida. To, Turanci ma haka yake shiga.

A aljihun rigar aikina akwai ɗan littafi. Duk jimlar da na ji ana yawan faɗa a ɗakin marasa lafiya, in an tafi hutun shan shayi sai in rubuta ta ɗungurungum. Abokan aikina ba sa ce wa tsoho ya ɗaga hannu kai tsaye, cewa suke "Would you mind lifting your arm?" Gobe in ji "Would you mind waiting?" Da na jera su ƙasa da ƙasa, sai ga "ing" a wutsiyar kowane aikatau, ba tare da kowa ya faɗa min ba. Wata tsohuwa kuma kan ce "I've been waiting since breakfast", wata rana ta ce "for two hours". Daga bakinta na riƙe cewa "since" na bin lokacin da abu ya fara, "for" kuwa tsawonsa.

Kada ki ɗauka dabarar ta mutum ɗaya ce. A jami'ar garin nan, malamai a ƙarƙashin John Sinclair sun tara miliyoyin kalmomi na jaridu da littattafai da hirarraki a kwamfuta, suna duba abin da ke zuwa gaba da bayan kowace kalma. Daga nan ƙamus ɗin COBUILD ya fito a 1987, misalansa daga ainihin rubutu da maganar mutane aka ciro su.

Littafin nahawun kada ki yar da shi, amma ya zo daga baya. Ki kunna sashen Turanci na BBC, ki ɗauki kalma ɗaya, a ce "depend", ki farauto jimlolinta har ki ga da idonki "on" ne ke rakiyarta. Sannan ki buɗe littafin ki tabbatar. Kowace Lahadi ki turo min saƙon murya na Turanci ta WhatsApp, ko labarin kasuwa ne, zan saurara in gyara miki.

Na tura kuɗin rajistar jarrabawar ta hannun Yaya. In an samu mai tahowa, Umma ta taimaka min da kuka da daddawa, nawa sun ƙare. Ki gaida Baba, ki ce ina neman addu'arsa.

Taki,
Yayarki