Akawal ya shiga mota da ƙafarsa

Gombe, daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da ruwan Fatakwal ɗin nan naku da ba ya ɗaukewa. Maganar zuwanka babbar Sallah ce ta sa na zauna rubutu, amma bari in fara sauke abin da ke bakina: dokinmu Akawal ya je Bauchi ya dawo a mota, ko ƙwarzane babu!

Ban faɗa maka abin da ya faru bayan ƙaramar Sallah ba, don a lokacin raina a ɓace yake. Hawan angwancin ɗan Yaya ne, muka yi hayar kanta, motar ɗaukar kaya. Mutum biyar suka taru a kan Akawal, mai ja na ja, mai bulala na zuba masa, har aka ɗaure masa ido da rawani kafin ya hau. Aka tamke ragamarsa gajere a jikin ƙarfe, wai kada ya yi tutsu. Ƙasan motar ƙarfe ne tsurarsa, ya yi fitsari ya zama santsi. Mun wuce Alkaleri, dab da gadar Dindima, direba ya taka birki saboda rami, sai muka ji rim! Ƙafafun baya sun zame, kai kuma yana rataye a sama. Wallahi da na ga idonsa sai da ƙwalla ta zo mini. Gumi kamar an yi masa wanka, jiki na ɓari, gwiwa a ɗaye. Ba a hau shi ba ranar. Kwana biyu da dawowa sai tari, majina da zazzaɓi, ko dusa ya ƙi kallo.

Likitan dabbobin da ya duba shi ne ya wanke mini kai. Ya ce mu muna ganin doki a mota tsayuwa kawai yake yi, alhali aiki yake tun daga tashi har sauka, kowace kwana da kowane birki sai ya gyara tsayuwa, kuma da wuyansa yake daidaita jiki. Ka ɗaure kan a sama, ka ƙwace masa madogara ke nan. Sannan in bai sunkuyar da kai ba, ƙura da majina ba sa fita, sai su gangara huhu. Abin da ya kwantar da shi ke nan. Na ce a riƙa yi masa allurar barci in za a yi tafiya, ya ce a'a, ƙafa take kashewa, faɗuwar ma ta fi sauƙi.

Baba kuwa cewa ya yi doki ba ya mantuwa, duk wanda ya ƙara ɗaga masa bulala a bakin mota ya bar masa barga. Muka samu wata tsohuwar kanta da ke jiran gyara, aka jingina bayanta da tudun ƙasar nan na bayan gida, yadda ba sai ya hau katako ba. Muka yaye tamfol don haske ya shiga, tunda duhun ciki shi ma tsoro yake ba shi. Muka zuba yashi, muka bi da garin katako daga wajen masu yanka. Kullum da yamma a ajiye masa dusa da ɗan kanwa kusa da motar, gobe a matsa da kwanon taku ɗaya. Sai a rana ta tara ya ɗora ƙafafun gaba, ya yi huci, ya ja da baya. Muka ƙyale shi. Mako uku cif kafin ya shiga gaba ɗaya ya tsaya yana ci.

Ka san wa ya ƙarasa mana aikin? Tsohon Kilin Yaya, wanda ya zubar da kai a filin Pantami har hularka ta riga ka isa gida. Har yau in an ambaci sunanka sai Baba ya yi dariya. Shi aka fara shigarwa, Akawal ya bi shi kamar ɗa da uba, muka gitta gora a tsakaninsu.

Af, ƙanenka ya kai kuɗin gaisuwa gidan da kake zato. Inna ta ce kada ka ji daga bakina, to ka yi kamar ba ka ji ba. Harawa kuma ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, har na fara tunanin shuka wake a gonar Kwadon don kawai ganyen.

Gwajin farko Kwadon ɗin muka je, sannan Kumo. Da muka sassauta igiya ya zaɓi tsayuwarsa, sai ya karkace ya juya baya ga direba, haka muka bar shi. Ranar Asabar muka kama hanyar Bauchi da asuba, kafin rana ta yi zafi. Kilomita wajen 150 ce, amma mun ci kusan awa huɗu, don na zauna kusa da direba ina roƙonsa a kan kowane rami. Na jiƙa harawar saboda ƙura. A Alkaleri muka tsaya, na leƙa, sai na tarar da shi kai a ƙasa yana tauna. Na ci masar Wunti a madadinka, har da ƙari.

Abu ɗaya ya rage mini: ba ya shan ruwan baƙon wuri. A Bauchi ya shinshina bokiti ya kau da kai, da ba don jarka biyu da na ɗauko daga gida ba, da wuni zai yi da ƙishi. Likita ya ce in riƙa sa ɗan abu mai zaƙi a ruwansa tun a gida, in mun je can in sa irinsa. Gobe zan fara gwadawa.

Ka gaida Hajiya, ka shafa mini kan auta. Baba yana gaishe ka, ya ce Kili na nan yana jiranka.

Naka,
abokinka na Jekadafari