Sanarwa kan dashen ƙodar Yaya

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan gida. Alhamdulillahi an yi wa Yaya dashen ƙoda ranar Talata a asibitin Malam Aminu Kano, an fito lafiya, ƙodar ta fara aiki har fitsari yana zuwa sosai. Ƙanwarmu ce ta ba shi tata ɗaya bayan an yi ta gwaje-gwajen jini da na dacewar jiki aka ga sun dace, wallahi har yanzu in na kalle ta sai hawaye, yarinyar nan ko sau ɗaya ba ta ja da baya ba. Masu tambaya, likitoci sun ce mutum na rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya, ita ma ta fara takawa.

To roƙona, don Allah a dakata da zuwa dubiya tukuna. Magungunan da yake sha don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar suna rage garkuwar jiki, mura kaɗai sai ta kwantar da shi, kuma shan su har ƙarshen rayuwa ne, ba fashi. Kar a aiko da jiƙo ko maganin gargajiya, na san da kyakkyawar niyya ne amma zai iya lalata ƙodar. Wanda ke son taimakawa da kuɗin magani ya min magana ta gefe. A sa su duka biyun a addu'a.