Ruwan zafin da bai ga wuta ba

Assalamu alaikum Alhajin Allah,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya sanyin can, ya kasuwa, ya fama da cin shinkafa da tsinke? Na san kana cike da ni, to ka sauke. Saƙonka na murya ya iso tun ana yankan gero, na saurara na ce da daddare zan amsa, daren da bai yi ba ke nan har yau. Kai ma dai ba ka da bakin magana, mutumin da ya yi Sallah a Gwanzu ta ƙasar Sin ko hular da ya yi wa Baba alkawari bai aiko ba. Maganar gonarku ta bakin fadama da ka tambaya zan zo kanta, bari dai in fara amayar da abin da ke cikina.

Maman Abba ta sauka lafiya, an samu mace. Sunan Inna aka mayar, don haka Ummi kowa yake ce mata. Kasonka na naman suna Dogo ne ya karɓa, wai kai ka wakilta shi, ya zauna a zaure ya tashi da shi tas ko kunya babu.

Ka san abin da haihuwa a tsakiyar hunturu take nufi a garin nan. Goggo ta tare da ƙunshin kayanta tun ran da aka dawo daga asibiti. Wanka safe da yamma har a yi arba'in, kuma a wajenta ruwan da bai yi ta ɓararraka a kan murhu ba, ba ruwan jego ba ne. A haihuwar Abba ma sai da itace ya nemi ya kamo kuɗin rago, alhali lokacin da sauran sauƙi. Yanzu kuwa ba a magana. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, mutanen birni da yawa suka jingine tukunyar gas suka koma gawayi, motoci suka dinga shigowa ƙauyuka suna lodin itace suna yin Kano da shi. Kiryar nan ta hanyar maƙabarta an yi gawayi da ita. Marken da muke ɓuya a bayansa in mun gudo daga makarantar allo, kututture kawai ya rage. Mata sun koma kara da kashin shanu, karan ma masu kiwo saye suke yi. Shingen bishiyoyin nan na tare hamada da ya ratsa Jigawa ana ta dasawa ta can, mu muna sara ta nan, kuma ba mugunta ba ce, da me za a tuƙa tuwo?

Tun cikin bai tsufa ba nake wannan lissafi. Sai wata rana a birni na hango na'urar dumama ruwa da zafin rana a kan rufin wani ƙaramin asibiti: farin tanki a kwance, dogayen kwalabe baƙaƙe sun jeru a jingine a ƙarƙashinsa. Na tambayi mai gadi, ya haɗa ni da mai aikin famfon da ya kafa musu. Kai da kake ƙasar da ake ƙera su na san dariya za ka yi min, don an ce fiye da rabin irin wannan na'ura da ke duniya a can Sin take. Amma ka yi shekaru kana wucewa ta ƙarƙashinsu ba ka taɓa cewa bari in gaya wa mutumina ba, sai hotunan takalma kake turo mana.

Ba irin solar da ka sani ba ce. Babu batir, babu waya, babu inji. Kowace kwalba gilashi biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar filas ɗin shayi, in zafin rana ya shiga ba ya samun hanyar fita. Ruwan da ya yi zafi ba ya kai mai sanyi nauyi, sai ya hau cikin tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagaye tun hantsi har la'asar sakaliya. Tankin kuma an naɗe cikinsa da soso mai kauri, shi ya sa zafin yake kwana. Duk wannan bayani na yi wa mutanen majalisa, amma washegari sai ga yaran Mai Unguwa da wayoyi a leda wai a sa musu caji.

Tawa mai lita 150 ce, kwalabe 15. Ka san malamin lissafi ba ya barin abu ya wuce shi. In da hita za ka ɗaga ruwa lita 150 daga digiri 20 zuwa 60, wajen yunit 7 na wuta za ka ƙona. 'Yan Band A, masu samun wuta kusan ko da yaushe, da aka kai musu yunit naira 225 a Afrilun 2024, a farashin lokacin sama da naira 1,500 ke nan kullum a kan ruwan wanka kawai. Mu nan ma ba mu da wannan damuwa tunda wutar sai ta ga dama take leƙo mu, kuma ni hita a bokiti, a gida mai yara, ban taɓa yarda da ita ba. Murhun duwatsu uku kuwa, ko kashi ɗaya cikin biyar na zafin itacen ba ya shiga tukunya, sauran iska ce take kwashewa, balle iskar hunturu da ke kaɗa harshen wuta gefe.

Wajen kafawa aka sha muhawara. Soron ƙasa ba zai ɗauka ba, ruwan kaɗai kilo 150 ne ban da ƙarfe da gilashi, azara ba ta wannan wasa. Sai mai walda ya yi mata ƙafafu a tsakar gida kusa da rumbu, inda inuwar darbejiya ba ta kaiwa, aka ɗora tankin roba a samanta don ruwan sanyi ya riƙa gangarowa. Almajiran gidan ke cika shi da jarka daga burtsatsen unguwa. Mai aikin ya juya fuskarta kudu, don da sanyi rana ta can take karkata. Liman yana tsaye da carbi yana kallo, can ya ce, "Malam, komai na gidan Musulmi ai gabas yake kallo." Na ce Allah gafarta Malam, wannan ba ta kai shekarun sallah ba tukuna. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko ta balaga.

Babban yaƙin dai da Goggo aka yi. Ran farko na tara mata a bokiti, tururi yana tashi. Ta tsoma yatsa ta fizge da sauri har da salati, sannan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, zafi kam da zafi, amma ɗanyen ruwa ne. Bai ga wuta ba." Na yi bayani da lissafi, na yi da rantsuwa, ta ce ba za ta zuba wa mai ɗanyen jiki ruwan da rana ta dafa ba, sanyi ya shige ta a ce Goggo ce ta yi sakaci. Ta ɗaure fuska ta tafi ta haɗa wutarta da ruwan randa kamar yadda ta saba, ni kuwa ina kallon riɗina na bana gaba ɗaya a tsaye a tsakar gida yana sheƙi.

Maman Abba ce ta kashe wutar, daga kan gado. Ta ce, "Goggo, to a ɗebo na tankin a ɗora a murhu mana, ai ya ga wutar ke nan." Shi ke nan. Yanzu Goggo tana tara ruwan a babbar tukunya, ta jefa ganyen darbejiya, ta tura 'yan ƙirare, kafin ta gama ɗaura zane ya tafasa. Da sai ta tashi tun assalatu tana hura wuta, hayaƙi yana cika mata ido, tana tari. Tulin itacen da na saya don ko-ta-kwana ga shi nan, arba'in ta ƙarato ko rabi ba a ci ba. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kuma ba na jira. Amma na ji ta ta katanga tana gaya wa matar Dogo wai dabararta ce.

Ni da za a bi tawa ma da ba a tafasa shi ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ja mana kunne a kan ruwa mai ƙuna da yawan kunun kanwa, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan kanwa da gashin jego. Na gaya wa Goggo, ta ce duk mu da muke surutun nan da wane ruwa aka gasa iyayenmu? Na ja bakina. Amma na lura 'yar gidan tana sirkawa da na sanyi in Goggo ta juya baya, kanwar ma an rage.

Wanda ya fi kowa morewa Baba ne. Da asuba sai ya murɗa famfo ya cika butarsa da ruwan ɗumi, ba sai an tashi kowa ba. Kaushin ƙafarsa har ya fara laushi. Su Abba kuma an daina kokawar wankan makaranta, da ka san sai an bi yaro da gudu har bayan rumbu. Sai dai maƙwabta sun gano. Magariba na yi za ka ga bokitai a ƙofar gida, "wai in ji Inna a ɗan sam mana." Duk bokitin da aka ɗiba na sanyi ne yake maye gurbinsa, in an yi yawa da safe sai ka tarar da shi salam. Ni ba na iya hanawa, Maman Abba ba ta iyawa. Ka san wa ya zama mai gadin famfo? Goggo. Ita da ta ce ɗanye ne, yanzu kujera take ajiyewa a gindinsa, mai jego da tsoho kaɗai take ba wa, sauran ta ce su je rana ba ta kowa ba ce.

Kada ka ɗauka babu matsala. Ran da hazo ya rufe gari ruwan ɗumi kawai yake yi, sai an taimaka da wuta. Ƙura kuma kullum sai an bi kwalaben da tsumma. Mai aikin ya gargaɗe ni kada a kuskura a zuba ruwan sanyi cikin kwalaben da suka wuni a rana babu ruwa, nan take za su tsage, in tanki ya ƙafe a bari sai dare ko asuba. Da bazara kuma ya ce in rufe wasu da buhu, in ba haka ba ruwan zai yi ta tafasa a banza, ya ƙona yaro.

Ga inda ka shigo. Ƙwallon yaran unguwa ta tsallako katanga ta fasa min ɗaya, ruwan tanki ya tsiyaye a tsakar gida, kaji suka yi ta gudu. Allah ya sa akwai ta ajiya guda, na sa, na kuma kewaye wurin da ragar waya. Yanzu ba ni da ko ɗaya. Don Allah ka duba min a can: faɗinta milimita 58, tsawo mita 1.8, da zoben robar da ke riƙe bakinta a jikin tanki. In ka samu ka duba gindin kowace, mai kyau za ka ga yana ƙyalli kamar azurfa, in ya yi fari iska ta shiga, ta mutu. Ka cusa min 'yan kaɗan a kwantenar wani, a naɗe su da kyau. Kuma kada ka ce za ka ci riba da ni, Babarbare, na san halinku. Na san kai ma kana can kana cewa rowar Fulani ce ta hana ni sayen itace.

Kuɗin kam ta ci. Riɗin bana da kwasar adashin malamai duk a kanta suka ƙare, rufin ɗakin baƙi sai baɗi. Mutum nawa ne a garin nan zai iya fitar da wannan a dunƙule? Itace kullum kaɗan-kaɗan yake cin mutum, shi ya sa ba a jin zafinsa. Na kawo wa 'yan kwamitin masallaci shawarar a haɗa kuɗi a kafa babba a wajen alwala, masu jego su riƙa aikowa ana ɗibar musu. Kowa ya ce madalla, da aka zo maganar wa zai riƙe kuɗin sai aka ɗage zaman.

Af, Dogo zai ƙara aure bayan Sallah. Kada ka tambaye ni wace ce, ka tuna wadda ta taɓa watsa masa ruwan wanke-wanke a bikin ƙanwarka. Ita. Uwargidan ta ce ba komai, amma ta sayar da akuyoyinta duka a Maigatari ran Alhamis, ba wanda ya san me take shiryawa. Ɗan Mai Unguwa kuma ya sayi babur da kuɗin zoɓo, kwana kaɗan ya shiga da shi cikin shagon mai shayi, ba wanda ya ji ciwo sai kiret ɗin ƙwai.

Na je na gaida Hajiya ran Juma'a, ƙafar da sauƙi, tana takawa har zaure. Ta ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya ƙare, kuma ta gaji da ganinka a waya. Baba yana gaishe ka, Maman Abba ta ce turmin atamfar barka yana kanka, ba ta yafe ba. Ka gaida mutanenmu na can. Ga mai kura ya iso da ruwa, bari in je kafin almajiran nan su zubar da rabi a kan tsani.

Wassalam,
naka, Malam Gajere